Jar fatar da ke aljihun Baffa Sambo ba laya ba ce

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina Kano, aka kira ni wai Baffa Sambo mai ƙwarya na garin Fulatan ya rasu bayan sallar asuba.

Ina tasha nake rubuta wannan. Motar Karaye ta ƙi cika, saura mutum uku, na fita na dawo ya fi sau biyar.

Waɗanda ba su san shi ba, shi ne dattijon nan da ke zama ƙarƙashin darbejiya ranar kasuwar Karaye, da ƙoren da ya zana jere a gabansa. Da wuƙa da ƙarfe mai zafi yake aiki. Ni da nake koyar da zane a sakandare, na je da takardar shaidata ina taƙama, na ga hannunsa na kama bakina.

Bai taɓa barina na tashi ban sha nono ba. Ranar da babur ɗina ya mutu a hanyar Rogo, shi ya taya ni turawa har gari, yana yi mini tsiya wai dokin boko ba ya jin yaren Fulani.

Wata rana ya ce da ni, "Malamin waya, duk abin da na zana tafiya yake. Matan ruga su saya, su yi gaba da shanu. Ko ɗaya ban riƙe ba. Wayar nan taka za ta iya riƙe mini?"

Na ce me zai hana. Na ɗaga waya da tsakar rana, filasha a kunne, na ɗauka.

Ya duba ya ce, "Wannan ai farin wata ka ɗauko mini, ba ƙwarya ba."

Gaskiyarsa. Ƙyalli ya cinye zanen, ga babban yatsansa ya shigo ta gefe.

Daga nan muka koyi abin tare, kuma rabin dabarar tasa ce. Da hantsi muke yi, a inuwa, ba filasha. Ya aro baƙin zanen matarsa, Inna Hajjo, mu shimfiɗa. In goge gilashin kamara da bakin riga, in tsaya daidai saman ƙwaryar, in riƙe numfashi. Shi kuma yana juya ta kaɗan kaɗan har zanen ya zagayo. Kwalin ashana muke ajiyewa a gefe don a gane girmanta. In mun gama in kunna rikoda ya faɗi sunan zanen: wannan sawun zabuwa, wannan igiyar maraƙi, wannan na kakarsa ne, ba mai yin sa yanzu.

Shekara uku muna haka. Kafin ƙwarya ta tafi kasuwa sai ta bi ta kan baƙin zanen nan.

Bara na sayo memori na juye masa komai. Ya ɗora shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Ya ce abin da bai kai farce ba, kaza ma sai ta haɗiye shi. Bai yi shawara da kowa ba ya kai wa baduku, aka naɗe a takarda, aka ɗinke cikin jar fata, aka sa igiya. Na yi dariya har da hawaye. Yana ɗaure ta a aljihun rigarsa na ciki, tare da layunsa biyu na gado.

Ganinmu na ƙarshe, sati uku ke nan, yana tari amma yana aiki. Da zan tafi ya dafa aljihun ya ce, "Nawa na nan. Naka fa?"

Na ce, "Yana nan, Baffa."

Ƙarya na yi masa.

Tun watan azumi wayata ta cika, tana ta damuna, na goge hotunan. Na ce ai akwai su wajen Baffa, in na samu sarari zan je in sake juyewa. Kullum gobe, kullum gobe. Kunya ta hana ni faɗa masa, yau ga shi ina faɗa wa duniya.

Abin da ya hana ni zama wuri ɗaya ke nan. Babban ɗansa Ɗahiru mutumin kirki ne, amma ba ya shiri da laya, ya sha faɗa a gabana cewa duk ranar da suka shigo hannunsa wuta zai sa musu. Kuma bai san ta ukun ba laya ba ce. In an cire rigar za a yi wanka, guda uku zai gani, duk kama ɗaya.

Na kira shi ya fi sau goma, ba sabis. Inna Hajjo ba ta da waya.

Don Allah, duk wanda ke Fulatan ko Rogo, ko yake hanyar zuwa jana'izar, in ya yi gaisuwa ya ja Ɗahiru gefe. Ya ce masa jar, mai sabuwar igiya, kada ya ƙona, kada ya jefa a rijiya. Aikin mahaifinsa ne a ciki, har da muryarsa.

Hoton da na sa a ƙasa shi kaɗai ya rage mini, don na taɓa tura wa wani abokina muna dariya. Shi ne na farkon nan da ya ce wata ne. Zanen bai fito ba. Yatsan nasa ne.

Mota ta cika, za mu tashi.

Allah ya jiƙan Baffa Sambo, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna Hajjo da yara haƙuri. Allah ya yafe masa, ni ma ya yafe mini amsar da na ba shi. Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a ko da ƙulhuwallahu ɗaya ce, ni kuma ku roƙa mini in iske ta a aljihun.