Masu Duba Idon Malam

Shekarar da aka ɗora maigidana a kan allurar ciwon hanta, kowa a danginsu ya zama likitan ido. Mu dai abin da muka sani, hanta a ido take nuna kanta: in ya yi ruwan ɗorawa, shawara ta taso. Don haka duk wanda ya zo dubiya daga Tarauni sai ya sa yatsa ya ja masa fatar ido ya leƙa. Yayarsa Hajiya har da haska fitilar waya. Fari tas, in ji ta, sai a yi hamdala a sha kunu. Ni ma kullum da safe sai na duba. Babu wanda ya taɓa tambayarsa me shi yake gani da idon.

Malam kuwa ya kama bakinsa, sai faɗa da masu wankin mota, wai suna bar masa dabbare-dabbare a gilashi. Ya canza mai wanki, ya koma wankewa da kansa, ni kuma ina tsokanarsa cewa ya samu sana'ar ritaya.

Ranar da asiri ya tonu, ina tsaye a bakin titin Gyadi-Gyadi da cefane niƙi-niƙi, ya zo a motarsa ya wuce ni a hankali, ina ta ɗaga masa hannu. Na hau adaidaita raina a ɓace, ina tanadin maganganu. Na same shi a tsakar gida na sauke masa su kaf. Ya bari na gama.

"Wallahi ban gan ki ba," ya ce. "Dishi-dishi nake gani. Tsoro na ji in faɗa su tsayar da allurar, ga shi na kusa gamawa."

Tsoro ya kama ni, na sa shi a gaba sai asibiti.

Likitar ido ta ɗiga masa magani ta leƙa can ciki, ta ce allurar ce ta taɓa jijiyoyin bayan idon, wurin da yatsa ba ya kaiwa. Aka tsayar da ita, aka mayar da shi kan ƙwayoyi. Idon dama ya washe a hankali. Na hagu bai dawo duka ba.

Yanzu in zai kalle ni sai ya karkata kai kamar zakara. In na yi masa laifi, hagunsa nake komawa in zauna shiru. Ya daɗe da gano dabarar. Sai dai ya miƙo hannu ya laluba ya tabbatar ina nan.