Dogo, Sai da Muka Binne Ka Suka Kashe Injinan

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, bakwai ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka a asibiti, Dogo, sakamakon ƙunar da ka samu a ɗakin wutar masana'antarmu. Na yarda kwananka ne ya ƙare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar da manaja ya yi a zaman makoki, wai tsautsayi ne.

Tare muka fara aikin lantarki a wurin nan, ni da kai, tun ba mu ajiye iyali ba, har ka zama shugaban sashenmu. Duk wanda ya doshi ɗakin wuta da zobe a yatsa sai ka tare ƙofa ka ce, "Ango, biki aka ce maka ana yi a ciki?" Lokacin da matar mai gadinmu ta kwanta jinya, kai ka riƙa kai ta asibiti a motarka, ka kuma hana shi ya gaya wa kowa. Ni ma a wurin jana'izarka na ji, yana faɗa yana kuka.

Babbar taransifomarmu ba a haɗe take da ƙasa ba. Idan waya ɗaya ta kwaile ta taɓa ƙarfe, babu abin da zai tsaya, babu abin da zai yi ƙara, injina su ci gaba da aiki kamar lafiya lau. Sai ta biyu ta taɓa, sannan wuta ta tashi. Ka nace har aka sayo na'urar da ake haɗawa tsakanin taransifoma da ƙasa, wadda ke rage ƙarfin wutar da ta ɓalle, ta kuma yi ƙara a je a nemo matsalar. Abin da ya rage a kashe injina na wuni guda mu haɗa ta.

A gabana ka roƙi manaja. Ya ce, "Injiniya, oda ta yi mana yawa, a bari sai an samu sarari."

Ka ce, "Ranka ya daɗe, mutane ne ke buɗe akwatunan wutar nan da hannunsu."

Ya yi murmushi, ya ɗauki wayarsa.

Ashe wayar wuta ɗaya ta riga ta taɓa ƙarfe, ba mu sani ba. Da aka ji ƙauri ranar Litinin, abokin aikinmu Gajere ne ke kan aiki. Ka karɓi safar hannunsa ka ce ya ja baya, matarsa ta kusa haihuwa. Kana buɗe akwatin, sai wuta ta tashi.

Washegarin jana'izarka suka kashe injinan. Ni suka kira in haɗa na'urar, kuma kafin la'asar na gama. Da na gwada ta ta yi ƙara, sai na zauna a ƙasa.

Allah Ya jiƙan ka, Dogo, Ya sa zafin da ka sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna, da mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da Gajere wanda har yau bai iya shiga ɗakin nan ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Waɗanda suka ce a bari sai an samu sarari kuwa, bakina bai iya yi musu addu'a ba tukuna. Allah Ya bi maka hakkinka.