Dattijo da Taragon Gwangwani

A kasuwar Gwiwa, gaban rumfar mai gyaran rediyo, wani dattijo yana tsugune yana tona tarin matattun tociloli. Hularsa ta koɗe, tabaransa ɗaure da zare. Yana zaro koren allon nan mai ƙananan ƙwayaye, wanda masu gyara ke kira fanel, yana duba shi dab da hancinsa.

Kusa da ƙafarsa ga taragon jirgin ƙasa na gwangwanin madara, an yanka tagoginsa tsaf. Ko tsohon ma'aikacin reluwe ne? Yatsun dai sun san waya.

"Baba, duk wannan shara ce," in ji mai rumfar.

"Bar ni, ɗana. Sauran taragan sun samu wuta, wannan kaɗai ya rage. So nake in gama kafin idon nan ya rufe."

Ya lashi bakin batir, ya ji da ransa. Ya cusa fanel cikin taragon, ya haɗa wayoyi, ya kifa hularsa a kan taragon don tare rana, ya leƙa. Wuta ta kama a ciki.

Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ɗana," ya ce a hankali, "har kujerun nake gani."