Kaɗanyun Kaka

Duk sanda na wuce ta unguwar Albarika na ji ƙanshin man kaɗe a kan wuta, sai zuciyata ta bar Parakou ta koma gonarmu ta bayan Djougou. Daga nan kuma sai raina ya ɓaci.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Gonar ta gado ce, amma kaɗanyun da ke cikinta na Kaka ne, don a wajenmu ƙasa ta maza ce, 'ya'yan itace na mata. A ƙarƙashinsu take shuka dawa da wake, kabewa na yaɗo a tsakani kamar mai neman masoyinta. Da rani Fulani kan kwana da shanunsu a gonar, su bar mana taki, Kaka ta auna musu dawa. In damina ta faɗi, ƙasar baƙa ce, mai laushi, ƙafa na nutsewa. A inuwar nan na fara mafarkin irin mijin da zan aura.

Sai Baffa, ƙanen mahaifina, ya dawo daga Parakou. Ya yi aikin lodi a tashar jirgin ƙasa, ya ga yadda ake jibga auduga, idonsa ya rufe. Ya zo da garmar shanu da buhunan angire, takin Turawa, ya ce saiwar itatuwa na kama garma.

Kaka ta ce, “Ɗan nan, da man itatuwan nan na shafe ka ranar suna.”

Ya yi dariya. “Inna, zamani ya juya. Mai zan sayo miki a kwalba.”

Bai ma sare su ba, ya fi ƙarfin wannan wahalar. Wuta ya sa aka hura a gindinsu, suka yi ta ci a tsaye, ganye na zuba kamar hawaye. Mazan gidanmu duka suna kallo, babu wanda ya buɗe baki. Wannan shirun ne har yau ban yafe ba.

Audugar ta yi kyau shekarun farko. Sannan maganin feshi ya kashe wa Fulani maraƙi, suka daina zuwa. Ƙasar ta yi fari ta taurare, ciyawar ƙuduji ta cinye dawar da aka gwada. Kaka ba ta sake taka gonar ba har Allah ya karɓi ranta.

Bara na je gida, na tarar ana taro kan barin itatuwa a gona da tara takin shanu, ana raba dashe a leda. Baffa na zaune a sahun gaba da farin gemu, yana tafi. Da aka tashi ya miƙo mini ɗan dashen kaɗanya.

“'Yata, da Inna na raye da ta ji daɗin wannan ci gaba.”

Na karɓa, don itacen ba shi da laifi. Amma ban durƙusa masa ba.