Ranar da Masunci Ya Gaida Babana da Ladabi

Shekarun baya, hawan jini ya kayar da mahaifina a rumfarsa ta nama a Sabon Gari. Allah ya taƙaita, jiki bai shanye ba, amma ya dawo daga asibiti kamar ba shi ba, ko buta sai an miƙa masa.

Likitar da ta duba shi ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce a ajiye jan nama da kitse da kayan ciki, a rage gishiri, a riƙe magani. A madadin nama kuma a ba shi kifi mai farar tsoka, irin karfasa, dafaffe ba soyayye ba. Ta ce yana gina jiki kamar nama, kitsensa kaɗan ne, kuma ba ya wahalar da ciki.

To, a nan gizo ke saƙar. Babana mahauci ne ɗan mahauci, kuma kowa ya san mahauta da masunta abokan wasa ne, ba sa haɗuwa sai an yi ba'a. Nasa abokin wasan wani tsoho ne mazaunin Jiratawa, mai kamun kifi a tafkin Madarumfa. Tun suna samari suke sa-in-sa. Baba ya ce masa mai ƙarni, shi kuma ya ce wa Baba sarkin ƙudaje. Babban abin taƙamar Baba a wannan faɗa shi ne kifi bai taɓa ƙetare haƙoransa ba.

Naman ya bari, don ya tsorata. Kifin kuma ya ƙi. Sai koko da fura, su ma kurɓa biyu ya ture. Muna kallo yana zubewa, riga tana yi masa yawa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na maimaita masa bayanin likita har na haddace.

Ya ce, "Ke, raba ni. In ci kihi wancan tsoho ya ji? Gara in mutu da mutuncina."

Ni kuwa a gidanmu an san ni da dabara, ko in ce ni na san kaina da ita. Na bar yara a gidana na unguwar Zariya, na hau kabu-kabu sai Jiratawa. Na iske tsohon a gindin mangwaro yana ɗinkin koma, ragarsa ta kamun kifi. Bayan gaisuwa na zayyana masa komai, na ce, "Baba, alfarma na zo nema. In ka zo duba shi, ka aje wasa. Kada ka tsokane shi ko kaɗan, ko ya samu ya ci ba kunya."

Ya ajiye komar, ya dube ni. "Ɗiyata, kin san abin da kike roƙo kuwa?"

Na ce na sani sarai. Ina faɗa ina gyara mayafi, kamar wadda ta gama karantar duniya.

Ranar Juma'a da hantsi ya zo da karfasa a cikin kwando. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bakin tabarma, ya sassauta murya. "Malam, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi, shi sa kaffara ne."

Baba ya ɗago kai, ya toshe hanci. "Wa ya bar ƙohwa buɗe ƙarni ya shigo muna?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Allah shi ba ka lahiya, Malam."

Baba ya sake jefa wata ba'ar, ya sake jefa wata, duk suka faɗi ƙasa ba mai ɗauka. Tsohon ya yi addu'a, ya yi sallama, ya tafi. Ni ina bakin ƙofa ina jin daɗin aikina.

Can sai Baba ya kira ni. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa irin na ranar ba.

"Mi likita ta hwaɗa maku da ba ku hwaɗa mani ba?"

Na ce, "Wallahi Baba, abin da ta faɗa a gabanka ta faɗa."

"Mutumin ga tun muna samari bai taɓa ce mani Malam ba. Wanda aka cire rai da shi, shi ake gaidawa haka." Ya dubi hannuwansa da suka rame. "Ashe na kai nan. Tahi ki dahwa mani abin nan da ya kawo."

Na buɗe baki zan ce ni na kitsa, mahaifiyata ta take mini ƙafa. Na haɗiye.

Na kankare karfasar, na wanke ta da lemun tsami, na dafa da albasa da tumatir da citta da tafarnuwa, na zuba ganyen zogale, gishiri ɗan kaɗan, ba mai. Baba ya juya wa kowa baya, ya fuskanci bango, ya cinye har romo. Washegari ma haka. A hankali, da kifin da maganin, fuska ta fara cikowa, murya ta dawo, har ya soma yi wa ƙannena faɗa a kan yadda suke yanka nama a rumfa.

Wata rana tsohon ya dawo ba sanarwa, kwanon Baba na gabansa cike da ƙaya. Na yi ta ƙifta masa ido. Ya dubi kwanon, ya dubi Baba, ya ga kumatu sun dawo. Sai ya kwashe da dariya har da tafa cinya.

"Jama'a ku taho ku gani! Sarkin ƙudaje ya koma mage! Har ƙaya yake tsotsa!"

Baba ya zabura ya miƙe, ba sanda, ba wanda ya riƙe shi, ya bi shi har zaure da takalmi a hannu yana cewa, "Tsaya mai ƙarni, yau sai ka gane kurenka!" Mu kuma muka tsaya baki buɗe, don rabonsa da tashi shi kaɗai tun ranar da ya faɗi. Mahaifiyata tana dariya tana share hawaye da bakin zane.

Har yau in ana labarin a gida, ni nake karɓe yabon, ban kuma jin kunya, tunda dai ya ci. Amma na san dabarata ta bi hanyar da ban zana mata ba. Dafaffen kifi dai ina bugun ƙirji in ce ku ba marar lafiyarku in likita ya yarda, na ga aikinsa da idona. Abin da na daina shi ne zuwa dubiya da sanyin murya da fuskar tausayi. In na saba tsokanar mutum yana lafiya, da tsokanata nake shiga ɗakinsa, don kada ya zaci na riga na yi bankwana da shi.