Sharhin da Na Rubuta wa Matan Gidanmu

Ranar Litinin ta farko bayan hutun Babbar Sallah, ina aji uku a ƙaramar sakandare a Karu, malamar Turanci ta rubuta mana aiki a allo: kowa ya kalli fim, ya zaɓi mutanen da zai yi wa magana, ya rubuta musu sharhi. Abu uku aka ɗora a kai: maki ashirin, suna a allon sanarwa, da kujera ɗaya a ƙungiyar masu rubuta jaridar makaranta. Kujerar nake so. Tun aji ɗaya nake rubuce-rubuce a bayan littattafaina, ban taɓa nuna wa kowa ba.

Gidanmu na haya ne, ɗaki goma sha biyu, rijiya ɗaya, bidiyo ɗaya tal, na Maman Ladi, wata 'yar Filato mai injin markaɗe. Ran Asabar, in an gama wanki an shanya, sai matan gidan su shimfiɗa tabarmi a ƙofarta don kallon fim, Musulmi da Kirista, wata na gyaran wake, wata na kitso, mu yara a gaba muna ture-ture. Na san damuwarsu sarai. Wuta ba ta daɗewa, kuma ba abin da ke ɓata musu rai kamar a zo wurin da bai dace ba ga yara zaune. Su na zaɓa. Na tsaya shagon hayar kaset na kalli wani fim na direban tirela sau biyu, na rubuta musu gaskiya: kashi na ɗaya ya isa, na biyu maimaici ne, waƙa ta uku doguwa ce, a tashi a duba tukunya, da zarar direban ya shiga otal, a aiki yara rijiya, kafin su ja guga biyu wurin ya wuce. Da na fassara musu, Maman Ladi ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai, yaron nan, kanka yana aiki!" Asabar ɗin nan yadda na tsara haka suka bi, har ni aka tura rijiyar.

Malama kuwa a gaban aji ta karanta, tana lanƙwasa murya, yara na buga tebur. Ta ɗaga takardar da yatsa biyu ta ce, "Su wa za su karanta wannan? Masu markaɗe?" Ta ba ni biyu cikin ashirin. Kujerar ta ba Kamal, ɗan wani darakta a ma'aikata, wanda ya ce masana ya rubuta wa, ya cika shafi da manyan kalmomi. Bai kalli komai ba. Ni na ba shi labarin fim ɗin a lokacin hutun ƙarfe tara. Daga ranar sunana ya koma Guga Biyu har na bar makarantar.

Yau ina sayar da kayan gyaran mota a Apo. Makanikai na tsallake shaguna su zo wurina, domin ina faɗa wa mutum abin da zai yi masa aiki da wanda zai bari, daidai da motarsa da halinsa. Abin da Malama ta yi wa dariya, shi ya gina mini gida, wannan riba ce, ba na musu. Amma in 'yata ta kawo aikin rubutu daga makaranta, sai in ce ta kai wa mamanta. Tun ina ɗan sha biyar ban sake cika shafi don jin daɗina ba sai wannan, kuma hannuna ya yi nauyi.