Ashe Ba Laifin Wayata Ba Ne

Malam Bitrus, ma'aikacin jami'a da ke sayen takalmi a wajena, yana sa iyafis ɗina a kunne ya fizge kamar ya taɓa garwashi.

'Yar na'urar ƙara sauti na sayo a Kano, ana jona ta tsakanin waya da iyafis. Tun bara nake zagin wayar nan wai ba ta da murya.

Malam Bitrus ya ce, "Alhaji, haka kake saurare? Ai sai ta fasa maka dodon kunne!"

Na ce, "Ni fa ƙasa-ƙasa nake ji."

Bai yi dariya ba. Ya kalli lasifikar da nake talla da ita duk kasuwar Juma'a, daf da kaina.

Jama'a, kunnen da ya fara tafiya yana dawowa kuwa?